Fakon Riskuwa

Gwadangaji, Birnin Kebbi
Nuwamba

Zuwa ga tobashina Abdussamadu, a Sabuwar Tunga, bayan Argungu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da jakin nan naka da aka ce ya fi ka jin magana. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai jikin Malam maigidana da ya ƙi daɗi tun damina. Ƙafafunsa sun kumbura, abinci ma sai an yi da gaske. Ka sa shi a addu'a. Ni kuma gwiwa ce ke ba ni wahala, salla ma a zaune nake yi.

Da kana da kunne da na kira ka a waya na zazzage ka son raina. To tun da sanƙarau ya tafi da jinka, dole na ɗauko biro kamar zamanin da nake koyarwa. Yejide ce za ta kawo maka takardar nan, maƙwabciyata Bayarabiya mai saro bandar kifi a Argungu. Ka ba ta amsa ta taho mini da ita, kada ka ce sai wani zuwa.

Ita ce ma ta kawo mini labarinka. Ta shigo ko kaya ba ta sauke ba ta ce, "Hajiya, wanga fako naku da kika hwaɗi ko akuya ba ta tsayawa, na ga kore cikinai! Kurman nan ne ya cika shi da itace." Na ce ta dai ga wani wuri. Fakon da mutane ke kira Fakon Riskuwa, da sunan Babana, ni na san shi, ƙasa ce ja mai tauri kamar daɓen ɗaki. Ranar da ka roƙe ni aronsa ai dariya na yi maka, na ce je ka, in ka samu abin da ya fito ka ci.

To yanzu dariyar ta ɗan tsaya mini. Kakana da kakarka wa da ƙanwa ne. Ƙasa ta bi ɗan namiji har ta faɗo hannuna, tunda ni kaɗai na rage cikin 'ya'yan Baba. Kai ɗan mace ne, bawana ne tun kafin a haife ka, kuma ka fi ni sanin al'adar. Wanda aka ba aron gona yana shuka abin da zai girbe ya kwashe ya tafi, ba ya dasa itace. Mai gona ne kaɗai ke dashe, shi ya sa in rigima ta tashi alƙali ma tambaya yake yi wa ya dasa.

Ba zarginka nake yi ba, tsufa ne nake zargin ya taɓa maka kai. Faɗa mini abin da kake yi a wurin da ko makiyaya ba sa son ratsawa. Ka gaida 'yarka Sumayya in ta zo daga Kamba.

Uwargijiyarka,
Laure

*

Sabuwar Tunga
Disamba

Zuwa ga Hajiya Laure.

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗi, in dai kurma yana da ikon cewa ya ji. Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ne. Jaki yana gaishe ki, ya ce ke ma ai ba a san ki da jin magana ba.

Yejide ba ta yi ƙarya ba. Damina uku ke nan ina dashe. Ban tambaye ki ba don ban ɗauka akwai mai kiran fako gona ba.

Kin manta da wurin ne, ko so kike ki manta? Muna yara kurmi ne, ƙirya da marke da kanya, rana ba ta taɓa ƙasa. Baba Riskuwa, Allah ya jiƙansa, da gatarinsa ya cinye shi yana bandar kifi, shi da sauran masu banda, kuma babu wanda ya ga laifinsu don da shi muka ci muka girma. Da itace ya ƙare ruwa ya kwashe ƙasar sama, mutane suka tashi daga tsohuwar tunga suka dawo nan. Abin da ba su iya ɗauka ba shi ne matattunsu. Maƙabartar tana nan ta gefen gulbi, cikin fakonki, kuma Innarki tana ciki.

Akwai kwazazzabo da ya taso daga gulbi, kowace damina yana cin ƙasa yana matsowa. Shekarar da na karɓi aro na auna da ido na ga inda ya nufa. Kai tsaye maƙabarta yake so. Na gaya wa mutanen gari, kowa ya ce Allah ya kyauta, babu wanda ya ɗauki fartanya. Tsoron wurin suke yi. Sun ce in rana ta take fakon kuka yake yi, wai kamar mata suna kuka daga nesa. Ni kuwa gani ya daɗe da korar ji a wurina, ko duk mutanen ƙasa za su taru su yi kuka ba zan sani ba. Ina ganin shi ya sa Allah ya zaɓe ni.

Ga yadda nake yi. Da rani nake sare ƙasa da diga, in yi rami in kewaye shi da kunya mai siffar rabin wata, bakinta yana kallon tudu, don ruwan da ya gangaro ya tsaya ya sha ƙasa. In zuba taki da kara, gara ta zo ci, ita ce ke huda mini fakon ta ƙasa. In ruwa ya sauka sai in sa dashe, bagaruwa da aduwa da kurna, waɗanda suka san wahala. Na farko sun kai ƙirjina, sun kama. Na bakin kwazazzabo ne jarirai, bana na sa su. Su kam kullum sai na kai musu ruwa daga gulbi a jarka, in gyara shingen ƙaya saboda awaki, in jera duwatsu inda ruwa ke karyowa. In na samu damina biyu nan gaba saiwa za ta riƙe bakin, in sha Allahu.

Ni ba zan ga inuwarsu ba, na sani. Amma wani lokaci in na gaji na zauna, sai in ga jikokina, 'ya'yan Sumayya, sun zo suna tsintar kurna a nan, sai in ji ƙarfi ya dawo mini.

Ki zo ki gani mana. Mota ɗaya ce daga Birnin Kebbi, amma rabonki da wurin tun ranar da aka tashi daga tsohuwar tunga.

Bawanki da bai gudu ba,
Abdussamadu

*

Gwadangaji
Fabrairu

Zuwa ga Abdussamadu.

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma gida lafiya. An gaya mini ka zo ta'aziyyar Malam, ka wuni a ƙofar gida cikin maza. Na gode, Allah ya bar zumunci. Ban samu ganinka ba, ka san halin da nake ciki. Ga ni cikin takaba, ba fita sai farkon damina. Lafiyata ƙalau, sai kewa da ta yi mini yawa.

Takardarka ta iso muna asibiti, idona kuma ya yi nauyi da kuka, sai na ba ɗana Izzuddeen ya karanta mini. Da ya zo wurin jikokinka da tsintar kurna sai ya tsaya, ya sake karantawa, ya dube ni. Ya ce, "Inna, kin ji ko? Tun yanzu ya raba wa ɗiyan ɗiyatai. Haka anka yi wa maƙwabtanmu su Muhammad Sani, aro ya zama gado." Na ce masa kai ba haka kake ba. Ya ce ba kai yake tsoro ba, na bayanka yake tsoro, ranar da babu ni babu kai, sai itace tsaye yana ba da shaida. Tun da mahaifinsa ya rasu yaron nan gani yake komai na gidan nan a wuyansa yake, kuma ban iya ce masa ƙarya yake yi ba.

Abin da ka faɗa na maƙabarta ya hana ni sukuni. Mu mata ba ma zuwa binnewa, ban taɓa sanin inda aka sa Inna ba. Abin da aka gaya mini kawai, wai gindin wani marke ne. Daga baya Baba ya sare marken. Ban taɓa yi masa maganar ba har ya bar duniya, kuma shi ya sa ƙafata ta ƙi komawa can. Kukan da ka ce mutane na ji, ni ma na ji shi ranar da muka kwashe kaya daga tsohuwar tunga. Ban gaya wa kowa ba sai kai yau.

Ga abin da nake roƙo, kuma ƙarami ne. Ka je wurin mai gari da liman, ka faɗa a gabansu cewa itacen nan ba naka ba ne, ba na zuriyarka ba ne. Shi ke nan, Izzuddeen ya kwantar da hankalinsa, kai kuma ka ci gaba da aikinka.

'Yar'uwarka,
Laure

*

Sabuwar Tunga
Fabrairu

Hajiya Laure,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba ki haƙuri. Ni lafiya lau, sai ciwon baya na masu diga.

Ranar ta'aziyya na zauna a tabarma kusa da Izzuddeen. Na ga bakinsa yana motsi, na ga idanun mutane suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya girgiza kai. Ni kuwa ina ta yi musu murmushi ina cewa amin, don na ɗauka addu'a ake yi. Sai da takardarki ta zo na gane abin da nake cewa amin a kansa.

Ba zan je wurin mai gari ba. Mutumin da ya tara shaidu ya ce shi ba ɓarawo ba ne, ya riga ya yarda an kama shi da wani abu a hannu. Na tsufa a garin nan ba a taɓa kai ni gaban kowa ba. In na je yau, gobe a kasuwar Argungu za a ce ga kurman da ya so cinye gonar marainiya aka tare shi. Jikokin da na ambata, ai 'ya'yan kowa za su tsinci kurnar, nawa ne kawai na san fuskarsu.

Ke kin san ni. In saninki bai isa shaida ba, na mai gari ma ba zai isa ba. Ƙasa taki ce, abin da kika ce shi za a yi.

Abdussamadu

*

Gwadangaji
Maris

Abdussamadu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Ina cikin takaba, ban gama share hawaye ba, na roƙe ka abu ɗaya ka mayar mini da girman kai. Tafiyar da ba ta kai ta ɗebo ruwan jakinka ba ita ce ta gagare ka saboda ni. Izzuddeen ya ce mai gaskiya ba ya gudun shaida.

Tunda ka ce abin da na ce shi za a yi, to na karɓi arona. Ka cire hannunka daga fakon Baba har in fita takaba in zo mu zauna.

Laure

*

Sabuwar Tunga
Maris

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau.

Saƙo ya iso. Na kwashe diga da jarkuna, na fito. Layin gambar nan da kakanninmu suka dasa a kan iyaka, ba zan ƙetare shi ba. Kafin in fito na ba na bakin kwazazzabo ruwa har suka ƙoshi, ban sani ba ko hakan ma laifi ne.

Allah ya fid da ke takaba lafiya.

Abdussamadu

*

Gwadangaji
Afrilu

Tobashina,

Assalamu alaikum. Yaya zafi? Nan kam ko kwanon ɗaki ƙara yake yi da rana. Ina fatan bayanka ya yi sauƙi. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Tun da gajeriyar takardarka ta zo ban ƙara jin daɗin komai ba. Na so ka yi mini gardama, ka zage ni irin na tobasai, in rama, mu shirya. Sai ka ce mini to. Ban taɓa sanin kalmar nan tana da nauyi haka ba.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa da ni, kada ka yi dariya. Da azahar in gida ya yi tsit, sai in ji ƙamshin hayaƙin ƙirya a ɗakin nan, irin wanda ke kama zanen Inna in ta dawo daga wurin banda. Na sa an duba ko Yejide ce ta ajiye kaya kusa da taga, babu komai. Jiya ina zaune a kan sallaya na ɗebi ruwa a kofi zan sha, sai na kasa. Na tuna akwai masu jiran ruwa a bakin kwazazzabo, kuma ni na hana a kai musu. Na ajiye kofin na yi ta kuka har la'asar. Tsoro nake ji, Abdussamadu. Ina jin kamar Inna tana tsaye bayana, jira kawai take ta ga abin da zan yi.

Na janye maganata. Ka koma ka ba su ruwa, ka gyara shingenka da duwatsunka kafin ruwa ya sauka. Ba na son shaidar kowa. Izzuddeen bai san na rubuta wannan ba, zan gaya masa in na samu bakin faɗa. Na yi tunanin in kira wani a tungarku a waya ya gaya maka, sai na ga maganar gida ce, ba zan sa ta a bakin wani ba bayan abin da aka riga aka yi maka.

An yi wa Yejide rasuwa, gobe za ta tafi garinsu, kuma ta ce za ta daɗe. Ta yi mini alkawari za ta bar takardar nan a tasha hannun Tamba, direban da ke ɗauko mata kaya, shi zai kawo maka. In ka ga dama ka amsa, in kuma fushi kake yi ka yi abinka, ni dai ka ba su ruwa.

Uwargijiyarka da ta sauko,
Laure

*

Sabuwar Tunga
Yuni

Zuwa ga Hajiya Laure.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin fita takaba lafiya, ko kina gab da fita. Ni da sauƙi. Liman ne zai shigo Birnin Kebbi, na roƙe shi ya biya ya ba ki wannan. Tun takardar da kika karɓi aro ban sake ganin rubutunki ba, na ɗauka kina nan kan bakanki.

Na riƙe maganarki duk bazara. Akwai wani dutse bayan layin gamba, nan nake zama kullum. Daga nan ana ganin komai. Na ga ganyen ƙananan ya naɗe, ya yi fari, ya zube. Na ga awaki sun ture shinge sun shiga, na yi ta jifansu daga inda nake, hannun tsoho bai kai ba. Mutane na wucewa suna ganina, wani ya rubuta mini a ƙasa da kara cewa in shiga mana, wa zai sani. Na ce ni zan sani. Gulbi yana bayana, jaki yana tsaye, jarkuna suna gida. Ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar zaman nan ba.

Ranar Talata da hantsi ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Kunyoyin da ban gyara ba suka karye, duwatsun suka watse, ruwa ya haɗu wuri ɗaya ya faɗa kwazazzabo. Da ya ɗauke na ga bakin ya rufta ya ci gefen maƙabarta. Daga kan dutsen na hango itacen da ake jerawa a kan kabari sun fito, ƙirya ce, baƙa, ko gara ba ta taɓa ta ba. Itacen kurmin nan ke nan da gatari bai kai gare su ba. Ƙarƙashinsu kuma na ga abin da bai kamata rana ta gani ba.

Hajiya, na ƙetare gambar. Ban tsaya neman izini ba, don na ga karnuka sun fara kewayawa. Na tuɓe rigata na rufe, na tattara abin da ruwa bai tafi da shi ba, na bi kwazazzabon har gulbi ina dubawa. Daga baya na kira liman da mutum biyu, muka sa a sabon likkafani, muka haƙa can sama wajen manyan bagaruwa inda ƙasa ta riƙe, muka mayar da itacen ƙiryar a kai. Kabari biyu ne suka buɗe.

Na san abin da za ki tambaya. Ina cikin waɗanda suka ɗauki Inna, na san ta wannan gefen ne. Amma marken babu shi, kututturen ma babu. Ba zan ce miki ita ce ba, ba zan ce ba ita ba ce. Na yi ta kallon wurin har idona ya yi zafi, ban gane ba.

Muna gamawa na fito na koma bayan gamba. Abin da ya sa na rubuto ke nan, ki yafe mini shigar da na yi miki gona bayan kin hana. Sauran kaburburan suna nan, bakin yana kusa da su, damina kuma yanzu ta fara. Akwai dashe a leda a tsakar gidana, tunda nan ba a hana ni ba, sun isa sawa. Ki turo wanda ke da iko ya sa su.

Abdussamadu

*

Bakin fako
Yau Juma'a

Abdussamadu,

Babu gaisuwa yau, kuma kada ka tambayi lafiyata.

Liman ya ba ni takardarka jiya. Yejide ta dawo shekaranjiya, na aika aka kira ta na tambaye ta ina saƙon da na ba ta tun watan Afrilu. Ta dafe kai. Ta zazzage kwandonta a gabana, ga shi nan a ƙasa cikin tsohuwar jarida, yana ƙamshin banda. Ruɗewar rasuwa ta sa ta wuce tasha ba ta ba Tamba ba. Ta durƙusa tana kuka, na ce ta tashi, ba ita ta karɓi aro ba. A cikinsa na ce ka koma ka ba su ruwa. Duk bazarar nan ina Gwadangaji ina cewa fushi ne ya hana ka amsa, na ƙi sake rubutawa don kada a ce na sauko sau biyu, kai kuma kana kan dutse.

Takaba ta cika, Izzuddeen ne ya kawo ni. Na ba shi takardarka ya karanta a hanya. Mun shigo ta gefen gulbi tun kafin ka fito, na ga sandunan da suka bushe a tsaye cikin ramukansu, na ga inda ya rufta. Na je sabon kabarin. Na buɗe baki na ce Inna, sai na ji kunya, ko uwar wani ce nake kira. Na yi musu addu'a su biyun. Haka zan zauna da shi har in mutu, ban sani ba.

Ka ce in yafe maka. Wallahi in ka sake faɗin haka sai na tsine wa tobasantakar nan. Na san in na ce na ba ka fakon kyauta ba za ka karɓa ba, za ka ce maganar mutane ta tabbata. To al'ada ta ce mai gona ke dashe, ga mai gona ta zo. Kai ka haƙa, ni in sa da hannuna, in gwiwa ta ƙi Izzuddeen ya riƙe ni. Ba zan koma Birnin Kebbi ba sai ledojin gidanka sun ƙare. Hadari yana haɗuwa ta gabas, ba mu da lokacin fushi.

A kan cinyata nake rubutun nan, shi ya sa ya karkace. Na tsaya a bayanka na yi sallama har muryata ta dushe, kai kana kan dutsenka kana kallon kwazazzabo. Yanzu zan ajiye maka takardar a gwiwa. In ka gama karantawa kada ka ba ni amsa. Tashi ka shiga gaba, ni ban san hanya ba.

Laure